Wasan huɗu-huɗu ko zagaye fili: me ke ba yaro numfashi da basirar ƙwallo?

Koci Auwal, Kano: Assalamu alaikum 'yan uwa masu horarwa. Shawara nake nema. Yaran da ke hannuna 'yan shekara 11 zuwa 13 ne, sun haura talatin, kuma rabin filin wata firamare ne rabonmu bayan la'asar, ɗaya rabin na manya ne. Tun da na rage musu zagaye fili na koma raba su biyar-biyar a ƙaramin wuri, ƙafarsu ta gyaru, fasin ya zauna, wannan ba na musu. Amma duk ranar da muka fita wasan sada zumunta a babban fili, tun kafin hutun rabin lokaci sai ka ga sun fara riƙe ƙugu. Abu na biyu, sai su dunƙule a inda ƙwallo take, gefen dama da na hagu babu kowa. Shin ƙaramin wasan ne ba ya ba da numfashi, ko kuwa akwai yadda ake tsara shi?

Baba Ɗanladi, Kaduna: Wa alaikumus salam. Auwal, ai ka ba kanka amsa. Ka cire gudu, numfashi ya tafi. Mu da muka taso, kafin ka taɓa ƙwallo sai ka zagaye fili har rigarka ta jiƙe, kuma ba mu san wani ya riƙe ƙugu a minti na talatin ba. Ka mayar musu da gudunsu, wasan biyar-biyar ɗin ka bar shi ya zama na ƙarshe, na nishaɗi.

Malam Nura, Zariya: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kafin a yanke hukunci ina son in ji abu ɗaya. Koci Auwal, wurin da kake sa yara goma ɗin, tsawonsa taku nawa, faɗinsa taku nawa? Da gola ko babu?

Koci Auwal, Kano: Malam, wajen taku 20 ne a tsawo, 15 a faɗi. Babu gola, duwatsu muke sawa, monki fos.

Malam Nura, Zariya: To ga inda gizo ke saƙar. Mu ɗauka takunka mita ɗaya ne. 20 sau 15 ya ba da murabba'in mita 300. Raba wa yara goma, kowa ya tashi da 30. Babban fili na ƙa'ida mita 105 ne da 68, wato murabba'in mita 7,140. Raba wa mutum 22, kowa yana da kusan 325. Ka ga yaronka yana atisaye a wurin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na abin da zai tarar ranar wasa ba. A mita 30 ɗin nan, taku uku zai yi ya iske ƙwallo, taku uku ya iske abokin hamayya. Yaushe ƙafarsa za ta buɗe? Kuma yaushe zai koyi fita gefe, alhali gefen ma babu shi? Dunƙulewar da kake gani ranar wasa, ita ce suke maimaitawa kullum da yamma.

Saboda haka ni ban ga laifin ƙaramin wasa ba. Cunkoso ne matsalar. Yawan 'yan wasa daban, girman wuri daban, kuma kowanne yana da abin da yake canzawa a jikin yaro da kansa.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Malam Nura, lissafinka ya fita, ban ƙi ba. Amma lissafi ba ya sa yaro haki. Ko ka ba shi fili ya kai filin wasa na Ahmadu Bello, malalaci malalaci ne, zai laɓe a bayan 'yan uwansa yana tafiya. A zagaye fili kuwa babu wurin ɓuya, ina tsaye ina ganin wanda ya rage gudu.

Malam Nura, Zariya: Maganar ɓuya gaskiya ce Baba, zan dawo kanta. Amma batun cewa wasa ba ya sa haki, an gwada shi. A Italiya, a 2006, Impellizzeri da abokan aikinsa sun raba matasan 'yan ƙwallo gida biyu. Kashi ɗaya gudu zalla suke yi, minti 4 sau huɗu, da hutun minti 3 a tsakani. Ɗaya kashin kuma ƙaramin wasa suke yi a daidai wannan lokacin, bugun zuciyarsu duka a kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na iyakarsa. Da aka auna daga baya, juriyar ɓangarorin biyu ta ƙaru kusan daidai wa daida. Bambancin kawai, masu wasan sun samu wannan juriyar ƙwallo na ƙafarsu, suna kallon abokin wasa, suna yanke shawara.

A 2007 kuma Rampinini, shi ma a Italiya, ya gwada uku-uku, huɗu-huɗu, biyar-biyar da shida-shida, a fili ƙarami, matsakaici da babba, wani zubin koci na ƙarfafa su da murya, wani zubin ya yi shiru. Mafi sauƙi shi ne shida-shida a ƙaramin fili koci bai ce komai ba, bugun zuciya wajen kashi 84. Mafi zafi uku-uku a babban fili koci na tunzura su, wajen kashi 91. Waɗannan manya ne, ba yara ba, amma hanyar da abin ya bi ita ce abin lura: ka rage mutane, ka ƙara fili, ka buɗe baki, aiki ya ƙaru. Tsarin Koci Auwal yana can ɓangaren sauƙin, har ma ya fi shi matsewa.

Sale Gola: Malam, to ai a ƙaramin wuri ma ina ganin yara na zufa sosai.

Malam Nura, Zariya: Suna yi, Sale. Tsayawa da juyawa da tashi da sauri suna cin cinya da gwiwa. Amma gajiyar daban ce da ta wanda ya yi gudun mita 30 ya dawo. A Sifen, a 2010, Casamichana da Castellano sun sa matasa 'yan wajen shekara 15 wasan biyar-biyar da gola, suka bar komai yadda yake sai girman fili kawai: kusan murabba'in mita 75 ga kowane ɗan wasa, sai 175, sai 275. Da fili ya ƙaru, nisan gudu ya ƙaru, saurin gudu ya ƙaru, lokacin da ƙwallo ke cikin fili ma ya ƙaru. Da ya ragu, tare ƙwallo da yanka da buga raga suka yawaita. Kowanne da amfaninsa. Abin tambaya shi ne me kake nema yau.

Koci Auwal, Kano: Na gane Malam. Amma ka dubi halin da nake ciki. Rabin fili, yara sama da talatin, ƙwallo uku, ɗaya ma tana sacewa. In na ba goma babban wuri, sauran ashirin da wani abu su zauna kallo?

Malama Hadiza, Jos: Koci Auwal, sannu da ƙoƙari. Ni 'yan mata nake horarwa, kuma wurinmu bai kai naka ba. Zaman kallon nan da kake gudu, in ka tsara shi, shi ne hutun da ake buƙata. Rabin fili wajen mita 52 ne da 68. Ka tsaga shi gida biyu, kowanne ya zama kamar 50 da 34. A kowane gida ka sa ƙungiya huɗu ta mutum huɗu-huɗu: biyu na ciki, biyu na waje. Minti 3 ko 4 ka busa usur a canza. Na wajen su tsaya a bakin layi, da ƙwallo ta fita su jefo ta nan take. Yara 32 ke nan da ƙwallo biyu, ta ukun tana hannunka. 50 sau 34 ya kai 1,700, ga mutum takwas kowa ya haura 200. Wallahi minti huɗu a wannan wurin, da kansu za su riƙa kallonka suna jiran usur.

Abin da ba na so shi ne tsarin unguwa na wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya fita. Masu ƙarfi su yi ta bugawa har magariba, raunana su shiga minti biyu a fitar da su. Wanda ya fi buƙatar ƙwallon shi ne ya fi daɗewa a zaune.

Koci Auwal, Kano: Malama, Allah ya saka da alheri. Wannan mai yiwuwa ne.

Yusha'u, Jamus: Assalamu alaikum. Ni ba koci ba ne, uba ne, yarona ɗan shekara 8 yana buga wa wata ƙaramar ƙungiya a nan. Bari in faɗi abin da nake gani duk Asabar, tunda ya taɓa maganar Malama. Daga kakar 2024/25 hukumar ƙwallon Jamus ta wajabta sabon tsari ga ƙananan yara. 'Yan ƙasa da shekara 7 biyu-biyu ko uku-uku suke bugawa. 'Yan 8 da 9 daga uku-uku zuwa biyar-biyar. 'Yan 10 da 11 daga biyar-biyar zuwa bakwai-bakwai. Fili guda sai a yanka shi ƙanana-ƙanana, a jera su. A yi wasa na 'yan mintuna, a busa. Waɗanda suka ci su matsa fili na gaba, waɗanda aka ci su koma na baya. Babu mai fita. Kafin a yi zubi uku huɗu, kowa ya haɗu da daidai shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne raga huɗu. A uku-uku kowace ƙungiya tana kare ƙananan raga biyu, tana kai hari kan biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, babu gola. Funino suke ce masa, wani Bajamushe Horst Wein ne ya tsara shi, asalinsa ma kocin hoki ne. Da idona na ga yarona ya nufi ragar dama, yara biyu suka tare masa hanya, ya ɗaga kai, ya taka ƙwallon ya juya, ya ba abokinsa da ke tsaye shi kaɗai a ragar hagu. Babu wanda ya ce masa ya buɗe wasa. Ragar ce ta gaya masa. Koci Auwal, maganin dunƙulewar yaranka ina ganin yana nan, kuma duwatsu takwas kawai zai ci maka maimakon huɗu.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Yusha'u, su Jamusawan duk sun yarda da wannan? Na ji an ce ko teburin gasa babu.

Yusha'u, Jamus: Ba duka ba Baba. An yi ta cacar baki a 2023. Watzke, babban jami'in ƙungiyar Borussia Dortmund, ya soki tsarin a bainar jama'a, yana ganin yaro na buƙatar ya san ɗacin rashin nasara. Masu kare tsarin, irin su Hannes Wolf na hukumar, suka ce ai a sabon tsarin yaro yana ci ana cin sa sau da yawa a rana ɗaya, abin da aka cire teburin kaka ne kawai. Ni dai na ga yarona ya yi kuka da aka mayar da su filin baya, don haka ɗacin yana nan.

Mamman Sani, Maraɗi: Salamu alaikum. Ni abin da ke ba ni mamaki, Turawa sun kashe kuɗi sun yi bincike sun dawo kan abin da yaranmu ke yi a lungu tun tuni. Balo ɗaya, takalma biyu a matsayin raga, uku-uku a kan yashi. To me za mu koya daga gare su?

Malama Hadiza, Jos: Malam Mamman, gaskiyarka, lungu ya ba yaranmu ƙafa. Ba banza Najeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 har sau biyar ba, 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Amma lungu yana da faɗi ɗaya, dokarsa ɗaya, kullum ita ce. Yaron lungu ya iya yanka a matsatsi, ya iya kare ƙwallo da jiki. Ka kai shi babban fili ka ce ya tsaya a bakin layi ya jira ƙwallo daƙiƙa goma, sai ya ga kamar an cire shi daga wasan, ya taho tsakiya. Abin da ya rage mana mu masu horarwa shi ne canza wurin da gangan: yau faɗi, gobe tsawo, jibi raga huɗu.

Kuma abin takaici, mu ne muke ɗaukar yaron nan ɗan shekara 10 daga lungun da yake taɓa ƙwallo kowane lokaci, mu sa masa riga, mu jefa shi sha ɗaya-sha ɗaya a filin manya da ƙwallo lamba 5, mu ce mun ci gaba. Mai buga lamba biyu, wato ɗan bayan dama, ya wuni bai taɓa ta sau biyar ba.

Malam Nura, Zariya: Wannan ma an ƙirga. A makarantar horar da yara ta Manchester United, a farkon shekarun 2000, an gwada huɗu-huɗu ga 'yan ƙasa da shekara 9, aka kwatanta da takwas-takwas. Fasin ya ninka fiye da biyu, harin raga ya ninka fiye da uku, gaba-da-gaba tsakanin yaro da yaro shi ma haka. Ingila a gyaran 2012 sun tsara matakala: biyar-biyar, bakwai-bakwai, tara-tara, kafin sha ɗaya-sha ɗaya. Filin bakwai-bakwai nasu yadi 60 da 40 ne, na tara-tara yadi 80 da 50.

Sale Gola: To ni yanzu ku saurare ni, don duk maganar nan an manta da mu. Monki fos, raga huɗu, babu gola, babu gola. Daga ina masu tsaron raga za su fito? Ga kuma ɗan gaba da ya saba tura ƙwallo tsakanin duwatsu biyu, ranar da ya fuskanci gola ya fito masa ya baje hannu, sai ya rikice ya buga masa a ƙirji. Cin raga da gola a ciki sana'a ce daban.

Malam Nura, Zariya: Ba a manta da ku ba Sale. Sa gola yana canza wasan gaba ɗaya. Sau da yawa zafin gudu yakan ɗan ragu, domin masu tsaro sun san akwai mutum a bayansu, sai su ja baya su tsare gaban raga maimakon su bi ƙwallo ko'ina. Amma a nan ne ake samun shot, da kuros, da bin ƙwallon da gola ya amayar. In numfashi nake nema, in cire gola. In cin raga da tsarin baya nake nema, in sa shi. A mako dole a samu ranarsa.

Sale Gola: Kuma a daina sa yaro ɗan shekara 11 a ragar manya. Mita 7.32 faɗi, 2.44 tsayi. Yaron ko ya yi tsalle bai taɓa sandar sama ba. Duk mai ƙarfin ƙafa ya ɗaga ta sama daga nesa ta shiga, a yi ta ihu an samu ɗan wasa, alhali ba abin da ya koya, shi kuma golan ya koma gida yana ganin bai iya ba. Na ga yara masu kyau sun bar raga saboda wannan. A Ingila ragar bakwai-bakwai ƙafa 12 ce da 6. Gora biyu da igiya sun isa a yi irinta.

Malama Hadiza, Jos: Sale, wannan magana taka ta shige ni.

Koci Auwal, Kano: Tambaya ta gaba. Ni nakan sa musu dokar taɓi biyu kusan kullum, don su daina riƙe ƙwallo. Yana da kyau?

Baba Ɗanladi, Kaduna: Wannan kam ka yi daidai. Yaran yanzu kowa so yake ya yanke mutum uku a ɗauke shi a waya.

Malama Hadiza, Jos: Baba, a gafarce ni, a nan na saɓa. Taɓi biyu yana ɗaga zafin wasa, gaskiya ne, domin wanda ba shi da ƙwallo dole ya motsa ya ba da hanya tun kafin ta iso. Amma in ya zama na kullum, ka hana yaro yanke shawara mafi muhimmanci a ƙwallo: in ba da, ko in tafi da ita? Dokar ta riga ta yanke masa. Sai ka ga yarinya ta samu fili a gabanta fayau, babu kowa, ta tsaya tana neman wanda za ta ba, saboda an saba mata taɓi na uku laifi ne. Ɗan shekara 12 da bai gwada yanka ba, yaushe zai gwada? Ni nakan ce taɓi biyu a rabin gidanku, in kun tsallaka tsakiya kowa ya yi abin da ya gani. Ko in sa dokar a zubi ɗaya, in cire a na gaba, in ga ko saurin ya zauna.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Hadiza, 'yata, na ji. Rabin gida taɓi biyu, wannan zan iya zama da shi. Amma wanda ya yanka a gaban ragarsa aka ƙwace, zai ji muryata.

Malam Nura, Zariya: Baba, bari in dawo kan ɓuyar da ka ambata, don ita ce babbar raunin ƙaramin wasa. A gudu kowa aikinsa ɗaya. A wasa kuwa wani zai yi aikin mutum biyu, wani ya yi rabi, kuma da yawan mutane da yawan wurin laɓewa. Akwai dokoki biyu da ke toshe wannan. Ta farko makin mutum-da-mutum: kowa a ba shi nasa, in naka ya ci, kai aka ci. Wannan yana ɗaga bugun zuciya sosai, don haka a gajarta zubin. Ta biyu, ƙwallo ba ta ciwu sai duk 'yan ƙungiyar sun tsallaka layin tsakiya. Ɗan bayan da ya saba tsayawa yana kallo, 'yan uwansa ne za su kira sunansa ya taho, ba sai ka yi magana ba. Kuma ka koya musu tafiya tare, baya na bin gaba, ba a bar rami a tsakiya ba.

In kana son ka tabbatar, da ka busa usur ka ce kowa ya sa yatsa biyu a gefen wuyansa, ka ƙirga musu daƙiƙa 15. Yaro mai wannan shekarun iyakar bugun zuciyarsa kusan 200 ne a minti. Wanda ya ƙirga 44 ko 45 ya yi aiki. Wanda ya ce 30, ka san yawo ya yi. Sai dai a yi nan take, domin na yara yana saurin sauka.

Baba Ɗanladi, Kaduna: To saura abu ɗaya, kuma a kansa ba zan janye ba. Gudun tsere. Ɗan gefe ya samu ƙwallo a bayan lamba uku, wato ɗan bayan hagu, mita 40 tsakaninsa da raga. Ahmed Musa da me ya ci Ajantina a 2018 in ba da wannan ba?

Yusha'u, Jamus: Baba, Ajantina a 2014 ya ci su biyu. Na 2018 Iceland ce, ita ma biyu.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Ta Iceland ɗin nake nufi, ta biyun, da ya ɗauko ta daga gefen hagu ya bar mai tsaron baya a baya, ya kewaye gola. Wane huɗu-huɗu ne zai koya wa yaro wannan gudun? Da kuma doguwar ƙwallo daga baya zuwa gefe. Yaran ƙaramin fili ba su iya ɗaga ƙwallo mita 30 ta sauka a ƙafa ba.

Malam Nura, Zariya: A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari Baba. Mutum na buƙatar wajen mita 20 zuwa 30 a miƙe kafin ya kusanci ƙarshen gudunsa, kuma ƙaramin wasa ba kasafai yake ba da wannan ba. Yaron da bai saba ba, ranar da ya buɗe wuta a babban fili jijiyar bayan cinya ce ke cikin haɗari, musamman waɗanda suka fara tsawo. Don haka ko a ware gudun tsere gajere bayan ɗumama jiki, mita 20 zuwa 30, 'yan ƙalilan, da cikakken hutu tsakani, ko a yi wasa a fili dogo siriri. Misali uku-uku a mita 50 da 20: babu faɗin da za a yi ta zagaye, dole ƙwallo ta tafi gaba, dole a bi ta a guje. Inda muka rabu da kai shi ne zagaye fili a hankali na minti ashirin. Wannan ba ya ba da gudun Ahmed Musa, kuma ya cinye kashi ɗaya cikin uku na lokacin da yaran ke da shi kafin magariba.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Zagayen yana gyara tarbiyya. Yaro ya san ba abin da yake so kaɗai zai yi ba.

Malama Hadiza, Jos: Baba, wanda aka ba mutum ya yi makin na minti uku bai sake shi ba, shi ma ya yi abin da ransa ba ya so.

Mamman Sani, Maraɗi: Ni tambayata kan haɗa yara ce. A wurinmu ɗan shekara 12 wani ya kai kafaɗata, wani kuwa kamar ɗan 9. In na yi uku-uku babban ya kwashe komai.

Malam Nura, Zariya: A wannan shekarun haka abin yake, wani ya riga wani balaga da shekara biyu ko fiye. Da ƙarancin mutane, da ƙarfin tasirin mai jiki. Ka raba su da girman jiki a wasu ranaku, manya da manya, don babban ya rasa wanda zai ture, dole ya nemi dabara. Wata ranar kuma ka yi huɗu da uku, ka sa manyan a ɓangaren ukun. Su za su sha gudu, ƙananan kuma su koyi amfani da rarar mutum ɗaya. Ko ka sa joka, wanda ke bin duk ƙungiyar da ke riƙe da ƙwallo. Ka ba ƙaramin yaro mai kai wannan matsayin, zai taɓa ƙwallo fiye da kowa ba tare da an bi ta kansa ba.

Koci Auwal, Kano: To 'yan uwa, ga abin da na tsara, ku duba min. Litinin huɗu-huɗu a babban wuri irin na Malama, minti 4 sau huɗu, babu gola. Laraba raga huɗu a fili mai faɗi, sannan gudun tseren Baba a farko. Alhamis bakwai-bakwai da gola a duk rabin filin, biyu a baya, uku a tsakiya, ɗaya a gaba, ƙungiyoyi na juyawa. Matsatsen wurin da na saba in bar shi na ɗumama jiki. Wasan sada zumunta kuma zan roƙi abokan karawa mu yi tara-tara daga layin yadi 18 zuwa ɗaya layin.

Sale Gola: Alhamis ɗin ka sa satar fage, ko da layi ɗaya ne ka ja da toka. In babu, ɗan gaba zai je ya zauna a gaban gola, 'yan baya su bi shi, tsarin ya watse.

Baba Ɗanladi, Kaduna: Tara-tara ga 'yan 11 da 12 na yarda. 'Yan 13 ɗinka kuwa ka fara shigar da su babban fili ko sau ɗaya a wata, don gasar da ake shiryawa a garuruwanmu sha ɗaya-sha ɗaya ce, babu mai rage maka fili. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Malama Hadiza, Jos: Abu ɗaya zan ƙara, Koci. Minti 4 sau huɗun nan a ƙasar sanyi aka auna shi. Mu a Jos da sauƙi, amma Kano a watan Maris da Afrilu, ƙarfe huɗu da rabi ƙasa na turiri. Ka mayar da zubin minti 3, ka ƙara hutu, ruwa a bakin kowane fili ba sai an roƙa ba. Yaron da ya ce kansa na juyawa, a kai shi inuwa, kada ya koma ranar.

Koci Auwal, Kano: In azumi ya zo fa? Yawancin 'yan 12 da 13 ɗin suna yi.

Malam Nura, Zariya: Da azumi ka juya lissafin. Ka ƙara mutane, ka rage fili, ka sa gola, ka yi shiru da tunzurawa: shida-shida a matsakaicin wuri, zubi gajere, dab da shan ruwa. Babu makin mutum-da-mutum, babu gudun tsere. In akwai wuri mai fitila kuma iyaye sun amince, mai zafin ka kai shi bayan tarawihi, sau ɗaya a mako ya isa.